Rikodar Mahaifinsu

Shekara talatin da ɗoriya Mai Gyara ya yi a ɗan shagonsa na ƙarƙashin bene, tsakanin mai ɗinkin takalma da mai sayar da batura. Mutum ne marar yawan magana. In ya gama gyaran rediyo, kunne yake karawa a jikin sifika ya gwada, bai taɓa ƙure murya ba. Maƙwabta har tsokanarsa suke yi, wai shi kaɗai ne mai gyaran rediyon da ke tsoron rediyo.

Wata Talata da hantsi ƙanwarsa, wadda take da shagon ɗinki, ta dire masa wani kwali a kan tebur.

"Yaya, rikodar Baba ce, a ɗakin ajiya na tsinto ta. So nake ka gyara min ta riƙa kama waƙoƙin wayar hannu, masu ɗinkina su samu abin ji."

Tun kafin ya buɗe kwalin ya ji warin katakonta. Gidan kaset biyu, sifika biyu masu tsayin gwiwa. Ya kwance bayanta, ya tarar da ƙwan kyankyasai, belin robar da ke juya kaset kuwa ya narke kamar kwalta. Duk wannan ba komai ba ne a wurinsa. Abin da ya tsayar masa da hannu shi ne maɓallin ƙara murya: fentin ya goge daidai kan lamba takwas.

Yana ɗan shekara tara ya gane ma'anar takwas. In Baba ya shigo rai a ɓace ya murɗa har can, to ba kiɗa yake so ba, so yake kada maƙwabta su ji kukan Mama. Shi kuwa sai ya sungumi ƙanwar nan, lokacin ko tafiya ba ta fara ba, ya shige bayan ƙofa da ita.

Kwana uku ya yi a kan rikodar. Ya canza wayoyi, ya dasa mata ɗan allon lantarkin da ke kama wayar hannu. Da ya jona wuta, koriyar fitilarta ta kawo, sifikun suka fara huci a hankali. A ƙarƙashin hucin sai ya ji kamar faranti ya faɗi a wani ɗaki. Ya leƙa waje. Mai takalma ne kawai yana buga ƙusa.

Ya koma ya ɗauki ƙarfen dalma, ya yi mata wata dabara ta ciki, yadda ko an murɗa har ƙarshe muryar ba za ta wuce biyar ba.

Bayan mako guda da ɗaukar rikodar, ƙanwar ta biyo.

"Yaya, ƙarar kekunan ɗinki tana danne ta fa."

"Tsufa ne. Iyakar ƙarfinta ke nan."

Ta yi dariya. "Ba komai, haka nan ma. Ni dai ta tuna min gidanmu, kullum kiɗa, kullum kiɗa. Lallai Mama ta ji daɗin zamaninta."

Sai ya jawo mata kujera, ya tambaye ta lafiyar yara.