Dodon da Ke Cikin Zanen Teta Orysia

"Dodo ne!"

"Ba dodo ba ne!"

"Orysia, duk ƙasar nan ta ce dodo ne. Ke kaɗai Allah ya ba ido?"

"Ni kaɗai ya ba hankali a gidan nan, wannan kam na tabbata. Sauke cokalin nan, Volodymyr, kada ka tsone wa kanka ido."

Bangon da ya raba gidana da nasu ba shi da wani kauri. Ina jin tarin Wally, ina jin butar shayinsu in ta tafasa, kuma kowace safiyar Litinin ina jin wannan rigimar. Idan Teta Orysia ta bar "Wally" ta koma "Volodymyr", to magana ta kai inda ta kai. Abin da ake wa faɗan kuwa wani baƙin abu ne da bai fi babban yatsa ba, a cikin wani zane da ke rataye a bangon wani falo, a cikin shirin talabijin.

Duk layinmu a arewacin birnin Winnipeg Teta muke ce mata, wato goggo, har waɗanda suka girme ta. A gona aka haife ta, can wajen garin Dauphin. Tana budurwa ta shigo birni ta zauna a bakin keken ɗinki a wani kamfanin rigunan sanyi, ba ta tashi ba sai da idonta ya fara gardama da allura. Har yanzu in ta gaishe ka, wuyan rigarka take kallo, ta ga ko an ɗinka shi da tsoron Allah. Wally kuwa ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya, dogo, mai sanƙo, da kunnuwa kamar hannun tukunya. 'Ya'yansu sun watse zuwa Calgary da Toronto. Abin da ya rage musu shi ne juna, da kyanwa, da Ruwan Maraice.

Ruwan Maraice shi ne shirin. Labarin wani ƙauye ne da aka nutsar a ƙarƙashin dam a shekarun saba'in, da wani iyali mai ɗan masaukin baƙi a bakin ruwan. Mutanen da suka ƙi tashi daga ƙauyen, ruwa ya rufe su, su ne ke bugo waya masaukin da magariba suna neman ɗaki. Ba don tsoro kawai ake kallonsa ba. Ana kallo ne don wayar bango mai doguwar igiya, da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, da motoci masu faɗin jirgin ruwa. Duk wanda ya haura sittin yana nuna allo yana cewa, "Muna da irin wannan labulen!"

Teta Orysia ta fi kowa hujjar nuna allo. Zanen da ke saman kujerar falon masaukin, ita ta yi shi.

Ga yadda aka yi ya je can. Wata Asabar da bazara suka fito da tsofaffin kayansu bakin gareji don sayarwa, kamar yadda kowa ke yi. Tana ciki tana dafa kofi sai wata mata mai nema wa 'yan fim tsofaffin kaya ta tsaya. Ta ɗaga zanen: tafki ne, da rairayi, da rana ja tana faɗuwa, sai wani baƙin abu mai ƙaho biyu ya leƙo daga tsakiyar ruwan. Wally ya ce ta ɗauka kyauta. Shi ya kai mata har mota, ya kuma ɗaga mata hannu. Da Teta Orysia ta fito da kofi, ƙusar da ke riƙe zanen kawai ta rage mata a ɗakinsu na ƙarƙashin ƙasa.

Tun zango na biyu na shirin masu kallo suka gano baƙin abin. Suka tsayar da hoto, suka ƙara masa girma, suka zagaye shi da jan layi, suka watsa a waya. Wasu suka ce shugaban matattun ƙauyen ne, wasu suka ce aljanin dam ne tun kafin a yi dam. Daga nan mutane suka rabu kan inda ya kamata shirin ya dosa: ko a fito da dodon a zango mai zuwa, ko a bar shi a bango, ko a tsallaka da labarin zuwa zamaninmu, ko a zauna a shekarun saba'in har abada.

Ni dai na lura ba wanda ra'ayinsa kan shirin ya tsaya a kan shirin. Ranar Laraba nakan taya matan coci naɗe perogi a ɗakin ƙasa na cocin, kwaɓin fulawa ana cusa masa dankali da cuku, a can na ji su da kyau. Stella Hnatiuk, ƙawar Teta Orysia, ta dage a tsallaka zamani.

"Me aka rasa a shekarun nan? Hayaƙin sigari da kafet kalar kashin jariri!"

A shekarun nan ne mijinta ya tafi sayen tayar mota a garin Regina bai dawo ba. Wata kuma tana so a kashe mai masaukin, don yana kama da surukinta. Sai aka tambayi Teta Orysia nata ra'ayin.

"Ni abin da na ce, kada su taɓa zanen. Labari mai kyau ba ya buɗe kowace tukunya."

"To ke da kika zana shi, mene ne a cikin ruwan?"

"Ku duba da kyau mana. Ido kuke da shi ko maɓalli?"

A hanyar komawa gida na matsa mata. Muna tafe a hankali saboda santsin ƙanƙara, ta riƙe hannuna.

"Teta, wannan maganar tukunya ba taki ba ce. Me kike ɓoyewa?"

"Ke dai bakinki ya fi ƙafarki sauri." Muka wuce shagon burodi. "Wally ne."

"Wally ne me?"

"A cikin ruwan, 'yata! Yana iyo. Ƙahonin da suke faɗa kunnuwansa ne. Buroshi ɗaya gare ni a lokacin, kuma mai kauri."

Na yi dariya har sai da na dafa sandar fitila. Ita ba ta yi ba. Ta ce bazarar da ta fara ganinsa ke nan, a bakin Tafkin Winnipeg, ya faɗa ruwa kamar an jefa katako, ita kuwa ta kasa ɗauke ido. Ta zana shi ba ta faɗa wa kowa ba. Da suka yi aure ta rataye zanen a falo, tana jira wata rana ya tsaya, ya duba, ya ce, "Kai, ai ni ne!" Shekara ta bi shekara. Ya mai da shi ɗakin cin abinci, daga nan baranda, daga nan ɗakin ƙasa kusa da injin wanki.

"To ki faɗa masa mana."

"In faɗa masa? Mutum bai gane kansa ba sai an karanta masa? A'a. Ina so ya gani da idonsa kafin 'yan iskan nan masu shirin su sa masa haƙora da farce. In sun mai da shi dodo, shi ke nan, dodo zai zauna. Kuma in kika buɗe baki, ba ke ba miyata har abada."

Bayan kwana biyu dusar ƙanƙara ta sauka da ƙarfi. Na fito da shebur na tarar Wally ya riga ya share rabin hanyata, hancinsa ya yi ja.

"Ranar Lahadi ake rufe zango," in ji shi, yana murna kamar yaro. "Za ki gani. Dodon zai fito."

"Kawu Wally, me ya sa kake son ya fito haka?"

"Don shirin ya ci gaba mana. Mutane sun gaji da waya tana ringi."

"Kai da ka yi barci a kashi uku na zangon nan?"

Ya soka shebur a cikin ƙanƙara, ya waiga ya dubi tagarsu, ya rage murya.

"Kin san wani Ernie Balan? Ba za ki sani ba, ya koma Vancouver tun kafin a haife ki. Shi ke nemanta a bazarar da ta yi zanen nan. Yana da mota, yana da gashi har da mai. Ni rakiya kawai na yi, ko sunana ba ta riƙe ba. Wancan abin cikin ruwa Ernie ne." Ya tofar da yawu. "Ta rataye min shi a falo, ina cin abinci yana kallona! Ban taɓa ce mata uffan ba, ni ba mai kishi ba ne. Amma yanzu duniya gaba ɗaya ta taru ta ce dodo ne. Ni kuwa in hana? Allah ya ƙara musu basira."

Na tsaya da shebur a hannu. Kalma biyu za su gama komai, amma na tuna miyar. Na kuma tuna cewa ba daga bakina take son ya ji ba.

Ranar Lahadi bayan cin abincin yamma muka zauna a falonsu: su biyu a doguwar kujera, kyanwa a tsakani kamar alƙali, ni da Stella a gefe. Teta Orysia ta sa rigarta ta zuwa coci. Rimot yana hannun Wally.

Kashin ya tafi yadda ya saba. Waya ta yi ƙara, matar mai masauki ta ɗauka, ruwa ya fara ɗiga daga cikin wayar. Stella ta ce gashin matar kamar an kifa mata kwano. Can wajen ƙarshe fitilun masaukin suka mutu, sai hasken wata. Kyamara ta bar mutane, ta juya bango, ta yi ta matsawa a hankali har zanen ya cika allon. Ga rairayi, ga jar rana, ga baƙin abin nan ya yi girman kan mutum. Teta Orysia ta damƙe hannun kujera. Ba allo take kallo ba, mijinta take kallo.

Sai abin ya motsa. Kaɗan, kamar ya juyo. Allo ya yi baƙi.

Wally ya yi tsalle har kyanwa ta gudu.

"Ya motsa! Kun gani? Ernie Balan ya motsa! Fito, munafuki, duniya ta gan ka!"

Shi kansa ya ji abin da ya faɗa, ya koma ya zauna a hankali.

"Wa ka ce?" in ji Teta Orysia.

"Ban ce kowa ba."

"Ernie? Ernie Balan?" Ta miƙe. "Volodymyr, Ernie ko a baho tsoron ruwa yake ji! Ranar nan yana zaune kusa da ni da takalmi da safa, yana riƙe min gwangwanin fenti, yana ƙorafin rairayi ya shiga motarsa. Ernie a cikin tafki!"

"To wa ke cikin ruwan?"

"Wa ya faɗa ruwa ranar? Mutum nawa ne a duk lardin Manitoba ke da irin waɗannan?" Ta kama kunnensa ɗaya ta ja.

Stella ta fashe da dariya har tana tari, tana dukan cinyarta. "Ƙahoni! Wayyo Allah, ƙahonin!"

Wally bai yi dariya ba. Ya lalubo rimot, ya mai da shirin baya, ya wuce wurin, ya sake dawowa, ya tsayar. Ya tashi ya je gaban talabijin, ya cire tabarau, ya mayar, ya sunkuya har hancinsa na neman taɓa gilashi. Ya daɗe a haka. Hannunsa ɗaya ya tafi kunnensa shi kaɗai.

"Amma ko sunana ba ki sani ba a lokacin," ya ce, bai juyo ba.

"Sunanka na zana?"

"Ni kuwa na kai wa matar nan shi har mota."

"Ka kai. Har da ɗaga hannu. Ta taga na gan ka."

Ya gyara murya, ya sake gyarawa. Da ya juyo idonsa ya yi ja, amma ƙirjinsa ya fito gaba.

"Na yi iyo da kyau, ko? Dubi nisan da na yi daga gaɓa."

"Kamar katako."

"In za su fito da ni a zango mai zuwa, sai su nemo ɗan wasa mai tsayi. Ba irin gajerun nan ba. Stella, ke ma ki daina maganar tsallaka zamani, yanzu shirin ya fara."

"Ji shi!" in ji Teta Orysia. "Jiya dodo, yau tauraro."

Aka sha shayi, aka ci kek mai 'ya'yan itace. Wally ya ƙi barin allon ya mutu. Duk sanda hoton ya dushe sai ya taɓa rimot ya dawo da kansa. Da na tashi tafiya, Teta Orysia ta rako ni da kwanon perogi a naɗe da tawul. A bakin ƙofa, sanyi na shigowa, na tambaye ta ko ta ji haushi da sai da aka faɗa masa.

"Na ji mana. Amma kin ga yadda ya tsaya a gabansa?"

"To yanzu me kike so su yi da shirin, Teta?"

Ta leƙa ciki. Wally na can tsugune gaban talabijin yana nuna wa kyanwa allon da yatsa.

"Su mai da shi dodo in sun ga dama," ta ce, tana tura min kwanon. "Amma ki faɗa wa mutanenki na cikin waya, dodon nan ba ya cin mutane. Kabeji yake ci, kuma yau shi ke wanke-wanke."