Matar da ta koya wa fom amsa sallama

Ku yi mini afuwa. Ni karatu kawai na iya, ban taɓa rubuta abin da wani zai gani ba. Amma an ce ranar Asabar Tanti Kadidjatou za ta ajiye aiki saboda ciwon ido, kuma ban ji wanda ya shirya faɗin komai ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan, kullum ƙarfe bakwai zemijan, wato ɗan acaɓa, yake sauke ta a unguwar Albarika ta Parakou, a ƙofar gidan kwanan ɗalibai mata na ƙungiyar 'yan kasuwarmu. Ta share ɗan ɗakinta da kanta, ta yaye zanen da take rufe kwamfuta da shi, ta zauna. Ita ta haɗa fom ɗin intanet da ake neman gado da shi. Yarinyar Djougou kuwa, in ba ta sami gado a gidan nan ba, ba uban da zai bar ta ta zo jami'a Parakou.

Shekara uku da suka wuce, kwamitin gidan ya soke sunayen 'yan mata tara, har da yayata Zinariya. Wai sun aika fom sau uku-uku, wai wayo ne. Zinariya ta yi kwana biyu ba ta taɓa abinci ba, ga akwatinta a ɗaure a bakin ƙofa.

Tanti ba ta yarda ba. Ta shiga mota har Djougou, ta iske babanmu Alhaji Tambaya, wanda shi ya cike wa Zinariya fom ɗin, a rumfar goronsa, ta miƙa masa wayarta.

"Baba, gwada mini yadda ka yi."

Ya sa tabarau, ya yi rabin awa yana cikewa, ya danna maɓallin aikawa. Shiru, rezo, wato netwok, ya yi nauyi. Ya sake dannawa, ya kuma. Can sai shafin ya yi fari fat, ya dawo babu ko harafi ɗaya.

"Me ya sa har sau uku, Baba?"

"'Yata, in kin yi sallama ba a amsa ba, ai ƙarawa ake. Uku ce ƙa'ida. Amma gidan nan naku, ko kaza ba ta yi motsi ba."

Ta yi dariya har da hawaye. "Bon," ta ce, "laifin gidan ne, ba na baƙo ba."

Ta koma ta sake ginin fom ɗin. Yanzu in ka danna, saƙon yakan tafi ta ƙarƙashi, shafin na nan bai motsa ba. Maɓallin ya kulle, ya ce ka dakata, sannan ya ce an karɓa, da Faransanci da Hausa da Dendi. In rezo ya yanke, ya gaya maka, rubutunka kuma na nan yana jiranka.

Saura kwamiti. Shugabansa Alhaji Ukasha ya ce doka doka ce. Tanti ba ta yi musu ba, ta buɗe masa tsohon fom ɗin ta ce ya gwada. Magatakarda ya rantse sau biyar Alhaji ya danna. Kafin la'asar aka mayar da sunaye tara. Zinariya na aji uku yanzu, ni kuma ina gadon da ke saman nata.

Tanti, ke ce inuwar da ba ta tambayar baƙo daga ina. Ke kika yi tafiyar Djougou don ki ga yatsan tsoho ɗaya. Mun gode. Allah ya ba idanunki lafiya, ya saka miki da Aljanna. Ku kuma masu gina irin waɗannan abubuwa, kafin ku kira mutane masu wayo, ku je ku zauna kusa da su ku gani.

Ba zan iya karanta wannan a gaban taro ba. Ta fita alwala yanzu, ƙofarta a buɗe. Zan ninke takardar in sa ta ƙarƙashin tabaraunta. Ga ƙarar butarta nan. Bari in bi ta bayan kicin.