Piblik

Har gobe in na ji ƙarar sakatar ƙarfe, sai na tuna ƙofar kotu.

Ina ƙarama lokacin, Arlit ba ta wuce ƴan gidajen kwano da bukkoki ba. Kamiyon wani ɗan kwangila ya banke taguwar babana a hanyar Gougaram, raƙumar da muke shan nononta. Kakata na wurin, da idonta ta ga direban yana gudu kamar an koro shi. Baba ya kai ƙara.

Ranar shari'a muka tafi mu duka, cikin zafin bazara, kaka ta sha baƙin zanenta mai ƙanshin shuni. Mai gadin ƙofa ya dube mu sama da ƙasa, ya ce, "Odiyans piblik ce." Kaka ta juya wajen kawuna, shi ne mai aikin mahaƙar ma'adinai, shi ne ɗan bokonmu.

"Inna, piblik na gwamnati ne," in ji shi. "Ba ki ji ana cewa fonksiyon piblik ba? Sai ma'aikata."

Mai gadin ya ji, bai gyara masa ba. Ya tura baba ciki, ya ja sakata. Muka zauna gindin bango, ƙasa na ƙona mana ƙafa. Baba shi kaɗai a ciki, ba faransanci, hausar ma guntu-guntu. Aka ce ina shaidarka, ya ce tana waje. Tafinta bai juya maganar ba. Ya fito ba taguwa, ba diyya. Damina ba ta zo ba sai da ƙanena ya rame kamar kara.

Sai da na yi jika na shiga yaƙi da jahilci. Malamarmu, yarinya sa'ar ɗiyata, ta ce piblik nufinsa na kowa, sai fa in alƙali da bakinsa ya ce a rufe ƙofa. Na ce maimaita. Ta maimaita. Na jefar da allon na fita, kada in zagi wadda ba ta yi mini komai ba.

Yanzu in ana shari'a ko taron meri, wato ofishin magajin gari, gaba nake zama. Amma ku je ku duba: mata na nan jere a gindin bango, suna jiran a kira su. Ba mai korarsu, ba kuma mai ce musu ku shigo. Ni ke fita in ja su da hannu, ina masifa, su kuwa suna tirjewa suna cewa, "Inna, bari, kada ki ja mana."