Mashin ɗin da Ya Kai Kaka Galili

Da safiyar Litinin ɗin Ista ta shekarar da na shiga aji uku, ina kwance rub da ciki a kan tankin mashin ɗin Babanmu, hannuwana na riƙe da tsakiyar kan mashin, sabuwar rigata ta tattare har gwiwa. A bayan Baba kuwa Kaka ce zaune, an ɗaure ta a jikinsa da zani kamar goyo, tana ta mita da yarenmu wai ita ba buhun citta ba ce. A gabanmu ga dutsen da ke bayan ƙauyenmu, can wajen Kwoi, ga 'yar siririyar hanyar da ta hau shi, wadda ƙafar mutum da ta akuya kaɗai suka taɓa takawa.

A wajenmu washegarin Ista kowa dutse yake hawa, muna kiran abin zuwa Galili. Ana ɗaukar shinkafa da tuwon acca da kunu, matan zumuntar coci su hau da tulunsu na kiɗa, mu yara mu yi ta tsere muna zamiya a kan falalen dutse har ɗuwawun wando ya huje. Ga Kaka kuwa abin ya wuce biki. A kan dutsen aka haife ta, tun kafin mutanenmu su sauko su yi gidaje a fili, kuma tun da ta yi wayo ba ta taɓa fashin hawa ba. A shekarar nan gwiwoyinta suka ƙi. Samarin gida suka ce za su ɗauke ta a kujera, ta ce ba mai ɗaukarta a kafaɗa tun tana numfashi. Daga nan ta rage magana, ta rage cin abinci, sai ta zauna a gindin mangwaro tana kallon dutsen. Ba wanda ya faɗa, amma duk mun san ba lallai ta ga wata Istar ba. Shi ne Baba ya ce zai kai ta da mashin, Mama ta dube shi ta ce ashe ciwon a kansa yake, ba a gwiwar Kaka ba.

Mashin biyu ne a gidanmu. Akwai tsoho na Baba, dogo, ramamme, wanda dakon citta ya cinye wa fenti, akwai kuma sabo na Kawu Bitrus, ƙanen Baba, ja wur, mai madubi biyu da kujera mai laushi. Kowa ya ɗauka sabon za a hau. Baba ya aika Kafanchan aka kira abokinsa Oga Chidi, bakanike, ɗan wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Ni dai abin da ya ba ni mamaki shi ne ko tayar da su bai yi ba. Kwanciya ya yi a ƙasa, ya auna tsakanin cikin injin da ƙasa da tafin hannu, sannan ya miƙe ya ɗaga ƙafar gaban kowanne ya ji nauyinsa. Ya buga wa jan mashin hannu ya ce, "Wannan na zuwa coci ne. Dutse zai fasa mashi ciki." Kawu bai ƙara yi masa magana ba har ya tafi.

Makon nan gaba ɗaya ban yi wani aikin kirki ba. Ina dawowa daga makaranta nake jefar da allona, a aike ni rafi in dawo da rabin bokiti don sauri, a ce in tsare cittar da aka shanya kaji su yi ta tonon ta ina can wajen mashin. Na ga an cire farantin nan mai haƙora na ƙafar baya an sa babba, aka ƙara wa sarƙa tsawo. Na tambayi dalili, Oga Chidi ya ce gudu zai ragu amma ja zai ƙaru, kuma a kan dutse ba gudu ake nema ba. Aka wanke kafireta, aka goge fulogi, aka gyara kuloci ya yi laushi, aka kwance duk wani ƙarfen ado. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne rage iskar taya. Ni na san iska ƙara ta ake yi, sai ga Baba ya danna bawul da tsinke tana fita. Ya sa na taɓa tayar na ji ta yi taushi, ya ce, "Taya mai tauri tsalle take yi a kan dutse, mai laushi kuwa rungumarsa take yi."

Da buhun masara aka fara gwaji, a madadin Kaka. Suna isa hawan farko ƙafar gaba ta tashi sama, buhu ya faɗo ya fashe, kajin unguwa suka yi Istarsu tun kafin lokaci. Aka ɗaure dutse a kan tanki don gaba ya yi nauyi, amma dutse ba ya jin magana, in mashin ya karkata shi ma sai ya bi. Ana cikin shawara na ce a sa ni. Aka yi dariya, Baba bai yi ba. Ya koya mini in ya ce gaba in miƙe har haɓata ta kusa taɓa fitila, in ya ce hagu ko dama in kai kafaɗata can. Raina fal da murna, don ban taɓa sanin nauyina zai yi wa wani amfani ba.

To, ran Galili muka kama hawa a giya ta ɗaya, a hankali kamar mai tafiya da ƙafa. Ina jin tayar baya tana laluben dutse, Baba yana tsaye-tsaye a kan matakan mashin, mutane suna darewa gefe suna tafi. Kaka ta bar mita. Mun wuce rabi ke nan sai injin ya fara tari, ya ja numfashi, ya mutu. Aka kwance Kaka aka zaunar da ita a kan wani dutse. Baba ya buga, shiru. Ya cire fulogi ya ga wuta lafiya lau, ya duba wayar wuta, ya girgiza mashin ya ji mai yana motsi. In mashin ɗin ya ɗan huta sai ya tashi, mu matsa kaɗan ya sake mutuwa. Rana ta take, ana jiyo waƙar matan zumunta daga sama, hadari kuma ya fara haɗuwa a gabas, in ruwa ya taɓa dutsen nan kuwa ba mai hawa. Kaka ta ce da Baba, "Bar shi, Yakubu. Na ji waƙar ma, ya isa." Ban taɓa jin tausayin wani kamar yadda na ji nata a lokacin ba.

Don ya tabbata da idonsa cewa akwai mai, Baba ya murɗe murfin tanki. Kunnena na kusa, sai na ji tankin ya zuƙi iska, fuuu, kamar wanda aka daɗe da toshe wa hanci. A ƙarƙashin murfin ga farar leda an ninka ta da kyau. Mama, wadda ta iso da kwanon shinkafa a ka, ta ce ai ita ta sa da asuba, don kada mai ya fantsalo ya ɓata mini rigar Ista. Ashe akwai ɗan ƙaramin rami a murfin da iska ke shiga, in an toshe shi mai ba ya sauka. Baba ya dube ta ya ce, "Tanki ma numfashi yake yi, Saratu." Ya cire ledar, bugu ɗaya mashin ya tashi.

Da muka isa sama Kaka ba wajen kiɗa ta nufa ba. Ta dafa kafaɗata muka je wani falalen dutse mai ramuka masu santsi, ta durƙusa da ƙyar ta sa tafin hannunta a ɗaya. Ta ce nan mahaifiyarta take niƙa, ita kuma tana zaune a nan gefe tana korar kaji. Ta kama hannuna ta sa a ramin, ta ce in riƙe wurin da kyau. Kafin kakar citta ta zagayo muka binne Kaka.

Yanzu a Kafanchan nake zaune, kuma 'ya'yana kan nuna mini a waya wasu Turawa da ke hawan duwatsu da mashin don wasa kawai, da hular kwano da tufafi masu launi. Nakan karɓi wayar in duba tayarsu, in ga ta yi laushi, in ce waɗannan sun san aiki. A ƙauyenmu kuwa, tun da zaman lafiya ya yi wuya, a filin coci ake yin Galili, ciyawa ta rufe hanyar dutsen. Rigar nan, da mai ya fantsalo mata bayan an cire ledar, har ta tsufa warin fetur bai bar ta ba, kuma ban yarda an yi tsumma da ita ba. Ramin niƙan yana can, kuma ni kaɗai na rage da na san wanne ne.