Sunan da Inna Ta Kasa Kira

Ko da zan manta komai a duniya, ban da zamanmu a ƙofar ɗakin kulawa ta musamman lokacin ciwon yayata.

Cikinta ya tsufa lokacin da tari da zazzaɓi suka kama ta. Muka ɗauka mura ce. Kafin mu farga, numfashi ya koma sama-sama, ba ta iya haɗa kalma biyu sai ta tsaya haki. Daga Ɗanzomo muka kai ta Gumel, aka sa mata iska, ba ta isa ba, aka ce sai Kano. A can aka ciro jaririyar da rai, ita kuma aka zura mata bututu a maƙogwaro, na'ura na yi mata numfashi.

Yaya ce 'yar farin Inna, kuma kun san alkunyar mutanenmu. Tunda nake ban taɓa jin sunanta a bakin Inna ba, sai dai "waccan" ko "yarinyar nan". Ko a asibitin, can nesa take shimfiɗa tabarmarta, wai ita rakiya ta yo. Amma ni da nake kwana kusa da ita na san ko loma ba ta iya haɗiyewa.

Kwanaki suka yi ta tafiya, mun gaji liƙis, ƙafafuna har sun kumbura. Rannan wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce, "Ina mahaifiyarta? Mama, shigo ki kira sunanta, wani lokaci suna ji."

"Ga ƙanwarta nan," in ji Inna.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Inna! Yau ma kunyar ce? Don Allah tashi!"

Muka shiga tare. Inna ta tsaya a kanta. Ta kama yatsan ƙafarta, ta buɗe baki, ta rufe. Da ƙyar ta ce, "Ke… sannu." Da muka fito ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Gobe zan kira."

Kafin lokacin shiga na goben ya yi, Allah Ya karɓi abarSa.

Ranar suna aka mayar wa jaririyar sunan uwarta. Dangi suka ce a sa mata laƙabi saboda Inna. Inna ta ce, "Kada wanda ya ɓoye min sunan."

Yanzu yarinyar har ta shiga makaranta. Inna kuwa wuni take tana ƙwala mata kira da cikakken sunan, ko babu aiken da za ta yi mata. Wallahi wani lokacin fita nake daga gidan, don ba na iya saurare.

Abin da na koya ke nan: in kana son mutum, ka kira shi tun yana iya amsawa. Ni dai 'yata ta fari, da sunanta nake tashinta kowace safiya, mai zagina ya zage ni.