Bajamushe da Ƙyauren Maiwada

A kasuwar Talatar Mafara, shekarar da ruwan Bakolori ya cinye gonaki, ga wani dogon Bature, injiniya mai furfura, yatsunsa baƙi ƙirin da man inji. Direbansa ya ce Bajamushe ne, amma a Barazil aka haife shi, a ƙauyen da kakanninsa suka sari daji suka kafa.

Yana tsaye gaban wani dattijo, Maiwada, wanda ruwan ya tayar daga gefen Maradun, ya kawo ƙyauren gidan ubansa zai sayar. Baturen yana shafa katakon a hankali.

"Baba, kada ka sayar," in ji shi. "Kakana da ƙyaure ɗaya ya ƙetare teku. Yau garinmu har da makaranta."

"Bature, ƙyaure babu ɗaki, mi za ya tsare?" in ji Maiwada.

"Kafa shi, ɗaki zai biyo baya."

Ni da nake tsaye ina kallonsu, ina zaton a jikin irin wannan ƙyaure Baturen ya koyi tsayuwa yana jariri.

Maiwada ya kama gefe guda na ƙyauren, Baturen ya kama ɗayan. Ga su can sun nufi mota za su sabon matsuguni, 'yan kasuwa suna buɗa musu hanya.