Takardar Japan da Ilya Ya Ba Surukinsa

Duk Bahaushen da ke unguwar La Guillotière ya san Ilya, mutumin Zinder mai gyaran taram, jirgin ƙasan cikin gari, a Lyon, kuma kowa ya san haukansa. Tsofaffin kuɗin takarda yake tarawa, waɗanda sarakunan yankunan Japan suka riƙa bugawa a zamanin da, kowane sarki da nasa. Dogaye ne sirara, masu kauri kamar kati, da jan hatimi. Matarsa Raliatou takan ce kuɗin da ko burodi ba su saye, su ne ake goge wa ƙura kullum.

A 2009 surukinsa Alhaji Moussa, mahaifin Raliatou, ya zo daga Paris, inda ya shekara talatin yana karɓar kuɗi a kasuwar Rungis. Ilya ya buɗe masa kundin da yake adana kuɗin a ciki, don dai a samu abin hira. Tsohon ya ɗauki guda mai hoton wani ƙato zaune kan buhunan shinkafa, ya murza ta, ya yaba har sau uku. To, babba ya yaba abinka, kuma suruki, me ya rage? Ilya ya sunkuyar da kai ya ce ya ba shi, zai sa a ambulan ya aika.

Ita ce wadda ya fi so, shekara shida ya yi yana nemanta. Zuciya ta ƙi. Ya je ya yi fotokofinta a takarda mai kauri, ya jiƙa da ruwan shayi, ya shanya a taga, ya aika.

Alhaji ya sa ta a jakar aljihunsa. Suna ko biki, sai ya fito da ita ya ce ga irin surukin da Allah ya ba shi. Duk lokacin da labarin ya iso Lyon, Ilya ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sau nawa ya ɗauko ta gaskiyar zai kai, ya mayar.

Alhaji ya rasu a 2016. Bayan sadakar bakwai Raliatou ta miƙa masa takardar, duk ta lanƙwashe. Ilya ya daure ya fara faɗa mata gaskiya, ta tare shi.

"Baba ya sani tun ranar da ya buɗe ambulan. Mutumin da ya tsufa yana murza kuɗi? Ya ce kada in faɗa maka, za ka ji kunya."

Ilya ya zauna a bakin gado, ya rasa inda zai sa idonsa.